Kurman Cikin Littafi

Landan, 9 ga Maris, 1957

Zuwa ga Yaya Hilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Arnold da Kawu Wilf. Yaya ƙafar Arnold, ta daina kumburi? Ni lafiya lau, in ban da tarin da hayaƙin Landan ke sa ni duk lokacin sanyi. Matar da nake haya a gidanta ta matsa min na sha wani magani mai warin kwalta. Na sha, tarin yana nan daram.

Bayan haka, ki buɗe ƙunshin da ya zo tare da wasiƙar nan. Littafina ne, Yaya, ya fito! Sunansa Hannaye. Kin san yadda masu masaƙar garinmu ke liƙa takarda a ƙofa su ce suna neman hannaye ashirin, ba sa taɓa cewa mutane. Wannan kalma ce ta hana ni sakat tun ina yaro. Labari ne na yadda masaƙa ke haɗiye mutum da ransa, ta tauna shi, ta tofar da ɓawon.

Jaridu biyu sun yaba. Ɗaya ta ce na ba marasa murya murya. An kuma gayyace ni gidan rediyo. Ɗan Titin Garden, wanda kike wa wanka a baho gaban murhu!

Ki kwantar da hankalinki, babu sunan kowa a ciki. Ki karanta ki faɗa min gaskiya, na san ba kya ɓoye ta. Ki gaida Kawu da tantabarunsa.

Ƙanenki,
Maurice

Keighley, 24 ga Maris

Maurice,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, ƙafar Arnold da sauƙi, har ya koma aiki. Tarin naka kuma, ka riƙa rufe wuyanka in za ka fita. Gaisuwar ke nan, domin abin da ke cina ya fi ƙarfin gaisuwa.

Na karanta. Arnold ya karanta. Mahaucinmu ya karanta. A ɗakin karatu na gari sai mutum ya rubuta suna ya jira layi kafin ya samu.

Ka ce babu sunan kowa. To faɗa min, kurma nawa ne a garin nan da hannunsa ke rawa tun da ya dawo daga yaƙin duniya na farko? Kurma nawa ne ke tsoma burodi a shayi, ya zauna a dokin ƙofa da jar hular ulu ko da ana zafi? Har tabon da ke haɓarsa ba ka bari ba. Sunan kawai ka cire, ka kira shi Kurman, daga shafin farko har na ƙarshe. Ka ce miyau na dalala daga bakinsa. Ka ce idonsa irin na dokin da aka daɗe ana duka. Ka ce wai ba mutum ba ne kuma, ragowar inji ne da aka manta ba a kashe ba. Sannan a ƙarshe ka ba shi ashana ya cinna wa rumbun ulu wuta.

Shekaranjiya na shiga kantin Misis Binns, ta sunkuyo ta ce min, "Ayya Hilda, ashe haka kuke fama? Ku dai riƙa ɓoye ashana."

Na ce, "Auna min sukarina, Misis Binns, ke kuma ki ɓoye bakinki."

Samarin masaƙa kuwa sun samu wasa. Idan ya zo wucewa ta ƙofar mashaya sai su ciro kwalayen ashana su riƙa kaɗa masa, suna cewa, "Kurman, ga wuta, ina za mu fara?" Shi kuwa ba ya ji. Zato yake gaishe shi suke yi. Sai ya ɗaga musu hula yana murmushi. Da idona na gani, Maurice, ina tsaye a tsallaken titi da kwandon kayan miya.

Ina ka bar mutumin da ya kwaso kayansa ya dawo gidanmu ranar da aka binne Baba? Ina ka bar wanda ya raka ka jarrabawar shiga babbar makaranta cikin ƙanƙara, ya tsaya a waje har ka fito, domin ka ce kana tsoro? Wannan bai shiga littafin ba. Tantabarun da ya san kowace da sunanta ba su shiga ba. Ni ma ban shiga ba. Kurmanka ba shi da kowa a duniya, a ɗakin ƙasa yake kwana shi kaɗai.

Na ɓoye littafin a bayan tulin kwal don kada ya gani. Ka rubuta wa jaridar garin nan ka ce ba shi ba ne. A makon nan.

Yayarka,
Hilda

Landan, 2 ga Afrilu

Yaya Hilda,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗi ƙafar Arnold ta yi sauƙi. Tarina ma ya lafa.

Wasiƙarki ta ɓata min rai, kuma ba zan yi kamar ba ta ɓata ba. Littafin ƙagaggen labari ne. Kurman ba Kawu ba ne, dubban mutane ne a jiki ɗaya. Marubuci yana ɗaukar hula a nan, tabo a can, haka aikin yake. In na rubuta wa jarida na ce ba shi ba ne, ai na nuna shi da yatsa ke nan ga wanda ma bai lura ba.

Amma tunda kin ce a yi gaskiya, bari ni ma in yi tawa. Wa ya kurmantar da Kawu? Ni ne? Rabin jinsa bindigogi suka cinye, sauran injinan masaƙa suka ƙarasa. Shekara talatin yana tsaye a wannan ƙara. Ranar da suka sallame shi, ko kujera ba a ba shi ya zauna ba, a tsaye aka miƙa masa takarda. Wa ya yi magana a Titin Garden? Wa ya yi fushi? Misis Binns? Ke? Kowa ya ce haka rayuwa take, aka ɗora tukunyar shayi. Ni kaɗai na buɗe baki na faɗa wa ƙasar nan abin da ake yi wa irinsu, sai ga shi ni ne azzalumin.

Da na sa masa tantabaru da 'yar'uwa mai dafa masa miya, da mai karatu ya rufe littafin ya ce, to ai da sauƙi, yana da masu kula da shi. Ba na son kowa ya ce da sauƙi. So nake barci ya gagare su.

Samarin nan kuma, in aka share su za su gaji. Wata guda, sun samu wani abin dariya.

Zan tafi arewa makon gobe, an gayyace ni in yi magana a jami'o'i uku. In kin rubuto, mai gidan hayata za ta tura min.

Ƙanenki, duk da haka,
Maurice

Keighley, 17 ga Afrilu

Maurice,

Ba ni da bakin gaisuwa. Mun rasa Kawu Wilf. Jiya Talata da safe suka zo suka ɗauke shi, ko gemunsa ban samu na aske masa ba. Ka zo.

Hilda

Edinburgh, 10 ga Mayu

Yayata Hilda,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya, ke da Arnold. Allah ya ba mu haƙuri.

Wasiƙarki ta yi ta bi na daga gari zuwa gari, sai ranar Litinin ta same ni. Na karanta ta a tsaye a bakin masauki, na zauna a kan matakala, ban san lokacin da na fara kuka ba. Na san an riga an binne shi. Ban samu na ɗauki akwatinsa ba, kuma wannan zai zauna min har abada. Zuciyarsa ce? Ya sha wahala? Kada ki ɓoye min.

Na biya mai furanni ya kawo muku zoben fararen furanni, ki taimaka ki ɗora min a kan kabarin. Na kuma yi abin da kika roƙe ni, ko da yake ta wata hanyar. Na rubuta ɗan bayani a jaridar Lahadi, na faɗi sunansa cikakke, na ce shi ne mutumin da na gina Kurman a kansa, kuma mutumin kirki ne. Yanzu da ba ya nan, babu abin da zai cutar da shi. Ina son duniya ta san ya rayu.

Zan zo da zarar na gama da jami'ar ƙarshe.

Naki cikin baƙin ciki,
Maurice

Keighley, 14 ga Mayu

Maurice,

Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Furanninka sun iso. Suna nan a bayan gida kusa da kwandon shara, domin babu kabarin da zan ɗora su.

Kawu bai mutu ba! Yana babban asibitin masu taɓin hankali da ke kan tudu. Na rubuta mun rasa shi domin mun rasa shi, na kuma ce ka zo. Kalma biyu, ka zo. Su ne ba ka karanta ba. Mutuwar ka karanta, domin ta fi daɗin rubutawa.

Ga abin da ya faru. Wata bukkar katako ta ƙone a lambunan bayan layin dogo, kusa da ɗakin tantabarunsa. Har yau ba a san abin da ya tada wutar ba, amma kafin azahar gari ya gama yanke hukunci. Kashegari samarin nan suka bi shi har can. Ɗan shugaban ma'aikatanmu, Dennis, ya ƙyasta ashana ya kai ta jikin kwandon da tantabaru ke ciki, wai wasa. Kawu ya ɗaga sandarsa ya karya masa muƙamuƙi.

'Yan sanda suka yi ta yi masa tambayoyi, ba ya ji. Suna ɗaga murya, shi yana rawar jiki yana ihu kamar yadda yake yi in aka rutsa shi. Na ce musu kurma ne, a bar ni in yi masa bayani. Sajan ya ce, "Mun sani, uwargida, duk mun karanta." Likita ya sa hannu, majistare ya sa hannu, shi ke nan.

Ranar Lahadi kaɗai ake ziyara, bas biyu nake shiga. Ɗaki guda, gadaje jere har ido ya gaji. Sun sa masa wandon wani da ya tsaya masa a ƙwauri. Sun karɓe haƙoransa na roba wai kada ya ciji wani, bakinsa ya shige ciki, yanzu kam miyau yana dalala, ka samu abin da ka rubuta. Da na tambayi ma'aikacin ina Wilfred Clough, sai ya juya ya tambayi abokinsa, "Wanne ne, na gado na nawa?"

Na roƙi ganin babban likita. Littafinka yana kan teburinsa, ya ja layi a ƙarƙashin wurare da jan biro. Ya ce min, "Ƙanenki mutum ne mai lura ƙwarai. Ya hango abin tun kafin ya faru." Na ce ƙarya ce ya ƙirƙira, ba Kawu ba ne. Shekaranjiya Lahadi na koma da wannan maganar, sai ya miƙo min jaridar Lahadi. Da sunansa cikakke, da hannunka, cewa shi ne Kurman. Hujja ɗaya da nake da ita, ka ƙwace ta ka ba su. Har dariya ya yi, ya ce, "Sai dai ya kashe mana majinyaci tun da ransa."

Mata kuma suna ta shigowa da kek suna min ta'aziyya. Fasto ma ya zo. Tantabarun Kawu kuwa, Arnold ke ba su abinci, amma sun fara raguwa, ba su san fitonsa ba.

Kwamitin masu duba asibitin zai zauna ranar ashirin da uku ga wata. Ni mai gyaran zare ce, sun ji tawa sun ajiye. Kai suke karantawa. Ka ce ka ba marasa murya murya, to ga mai murya guda an rufe shi, zo ka buɗe bakinka a inda zai yi amfani. Ba zan samu hutu ranar ba, an riga an gargaɗe ni kan fashin aiki. In ba za ka zo ba, kada ka sake rubuto min.

Hilda

Masaukin da ke ƙasan tudun asibiti, 23 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki da Arnold. Lafiyata ƙalau. Ban biyo ta gida ba, ban iya fuskantar titinmu ba tukuna.

Masu buga littafina sun ce kada in zo, wai duk abin da na faɗa zai iya jawo ƙara a kotu. Na zo. Yanzu na sauko daga can.

Mutum biyar ne a kwamitin, da babban likita. Kafin a fara, wata mata a cikinsu ta ciro littafin daga jakarta ta ce in sa mata hannu. Na ce mata ba wannan ya kawo ni ba. Na gaya musu wutar ni na ƙirƙira, a ɗakina na Landan, domin na rasa yadda zan rufe labarin. Na ce mutumin nan ko taba ba ya sha. Likita ya ce ai marubuci yakan ga abin da shi kansa bai san ya gani ba. A nan raina ya ɓaci, na buga tebur, na ce, "Ban ga komai ba! Shekara shida ban taka garin ba!" Shugaban ya ce in zauna ko a fitar da ni. Na zauna. Na tambaye su, in wani ya kai wuta jikin abin da suka fi so a duniya, me za su yi da sandar da ke hannunsu? Wani tsoho a ƙarshen teburin ya rubuta wani abu.

Sannan suka bar ni na gan shi. Yaya, duk abin da kika faɗa bai kai ba. Yana zaune a bakin gado, hannuwansa a cinya. Ya gane ni nan take, ya ce, "Ka rame, Maurice." Na zauna a damarsa na yi ta yi masa ihu a kunne cewa na zo fitar da shi, ko gezau. Sai da na rubuta masa a bayan ambulan ɗin wasiƙa.

Ya karanta, ya jinjina kai. Can ya ce, "Na karanta littafinka."

Ashe ya gan shi a bayan kwal tun ranar da kika ɓoye. Yakan ɗauka in kin tafi aiki, ya mayar kafin ki dawo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jira ya zage ni.

Ya ce, "Kurman nan ya ba ni tausayi. Hularsa irin tawa. Amma shi ba shi da kowa ne? Duk littafin ba wanda ya leƙo ya ce masa ina kwana. Da ka ba shi ko 'yar'uwa ɗaya mana, ai da bai ƙona komai ba."

Daga nan ya tambaye ni ko baƙar tantabarar nan mai farin wuya ta ƙyanƙyashe. Ban san ma da ita ba.

Sun yarda su sake shi ranar Asabar, gwaji na wata shida, da sharaɗin a samu wani babba tare da shi duk yini. Suka tambaya wa zai zauna, tunda ke da Arnold kuna aiki. Na ba da sunana. Ban tambaye ki ba, gidanki ne, kina iya cewa a'a. Na kuma aika wa jaridar Lahadi cewa mutumin da na binne yana da rai. Za su yi min dariya a Landan, su yi.

Ƙanenki,
Maurice

Keighley, 24 ga Mayu

Maurice,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Wasiƙarka ta zo da safe, na karanta wa Arnold, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Kada ka ɗauka na huce. Ban huce ba, kuma ban san ranar da zan huce ba. Buga tebur na yini ɗaya ne, wata shida kuwa wanki ne da aski da zama da mutumin da zai ba ka labarin tsuntsu ɗaya sau goma. Mu ga yadda za ka yi.

Ɗakin baya yana da danshi, a nan za ka kwana. Kafin ku baro asibitin ka karɓo haƙoransa, kada su ce maka sun ɓace, ka tsaya a kansu har a nemo. Na ba direban bas ɗin safe wandonsa da rigarsa ta zuwa coci da jar hularsa, ka amsa a tasha. Ba zai shigo garin nan da kayan wani ba.

Kuma ba ta lungu za ku biyo ba. Ku sauka a kasuwa da rana tsaka, ku bi ta ƙofar mashaya, ku wuce ta gaban kantin Misis Binns, kana riƙe da hannunsa, a hankali, kowa ya gan ku. Duk wanda ya kira shi da sunan da ka raɗa masa, kai za ka tsaya ka gaya masa sunansa na gaskiya.

Baƙar tantabarar ta mutu makon jiya. Kai za ka faɗa masa, ni ba zan iya ba. In za ka faɗa, ka zauna ta hagunsa. Kunnen dama ya mutu tun kafin a haife ka, na hagun yana ɗan ji in ka yi a hankali. Shafi ɗari uku ka rubuta a kan kurmancinsa, ba ka san wannan ba.

Yayarka,
Hilda